Kadojin da Muka Ce Babu

Shekarun da na yi a ƙasar waje, aikina ƙirga karnukan teku ne. Ba na son a ɗauko zancen a wurin biki ko zaman makoki, don na san abin da zai biyo baya. Wani zai ajiye cokali ya dube ni ya ce ashe duk karatun nan da aka yi ta yayatawa, karnukan Turawa na je lissafawa, alhali ga na Funtua nan birjik a bakin mahauta ba wanda ya san yawansu. Sai a yi dariya, ni ma in yi, amma ba har cikin raina ba.

Ba ma karnuka ba ne. Dabbar ruwa ce mai sulɓin jiki kamar ayu, kanta kamar na kare da aka yanke wa kunne, tana rayuwa can ƙarshen duniya ta kudu inda teku ke daskarewa. A cikin ruwa take kiwo, amma kan ƙanƙara take hawa ta haihu, ta huta, ta sake gashi. Ni ban taɓa taka ƙanƙarar ba, kar wani ya ce na cika baki. A ɗaki nake zaune gaban kwamfuta da rigar sanyi biyu, ana turo mini hotunan da jirgin sama ko tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Jirgin yana bin layi-layi ne, kamar mai duba kunyoyi a gonar masara, ya bi wannan ya tsallake waɗancan. A hoton kowace dabba ɗan ɗigo ne baƙi, tamkar kashin ɓera a kan farin zane. Nawa shi ne in ƙirga ɗigon, in nuna inda suka yi yawa da inda suka yi ƙaranci, a bakin gaɓa ne ko can tsakiyar ƙanƙara mai yawo.

Abin da aka fi dasa mini a ka shi ne, abin da ka gani ba shi ne adadin ba. Lokacin da jirgin ya wuce, wasu suna ƙarƙashin ruwa suna neman abinci. Shi ya sa ake kama kaɗan daga cikinsu a manna musu 'yar na'ura a ka, ita ce za ta faɗi lokacin da suke hawowa da tsawon zaman da suke yi a sama. Da wannan ake sanin sa'ar da ta dace jirgi ya tashi, da shi kuma ake ƙiyasta waɗanda ba su fito a hoto ba a ƙara su a lissafi. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa da ba a cika ganin haƙorinta ba, ba ta yarda kowa ya rubuta babu a aikinsa. Idan ka duba fili fetal ba ka ga ko ɗigo ba, sai ka rubuta ba ka gani ba, ka sa lokaci, ka sa yanayin gari. Ta sha mayar mini da aiki a kan haka, in fita ina ƙunƙuni da Hausa don na san ba ta ji.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, a gefen Tsiga. Bayan gari akwai tafki wanda ko a tsakiyar bazara ba ya ƙafewa, kuma tun kafin a haife ni akwai kadoji a cikinsa. Gidanmu ba a kashe kada, ba a cin namansa. Tsofaffi suna cewa kan gidanmu ne, wato dabbar da zuriyarmu ta gaji girmamawa, malamai kuma su yamutsa fuska idan sun ji, amma ba wanda ya taɓa ɗaga wa ɗaya sanda. Iya sanina ba su taɓa taɓa mutum ba. Agwagwa dai ko ɗan akuya mai yawan yawo, wannan sai dai mai shi ya yi haƙuri. Mata na wanki a wurin, makiyaya na shayar da shanu, a gaɓar gabas kuma akwai lambun Gwaggo na albasa da tumatir da yakuwa.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a hannunta aka yaye ni. Duk ranar da aka yanka kaza a gida ita ke tattara kayan ciki a sakaina ta kai bakin ruwa ta watsa. Tana ban ruwa tana yi musu magana kamar maƙwabtan da suka daɗe tare, wani lokaci faɗa ne, wani lokaci ba su labarin wanda ya rasu ne. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Lambun nan da tafkin nan su ne abin da take tashi dominsu kowace safiya.

Sai dai akwai doka guda da kowa ya sani ba tare da an karanta masa ba: ba a ƙirga su, ba a nuna wa baƙo su. Wasu su ce ƙirga abu na jawo masa baki. Wasu su ce a zamanin kakanni masu sayen fata sun taɓa zuwa da fara'a suka tambaya, aka nuna musu, aka yi da-na-sani. Ni kuwa na ɗauka gadon jangali ne. Mutanenmu sun daɗe da koyon cewa duk wanda ya sauko daga mota da biro da takarda, wani abu ya zo ragewa. Idan ya tambaye ka awaki nawa gare ka, sai ka ce ai na maƙwabta ne suka shigo.

Da na dawo gida na sami koyarwa a wata kwaleji a Funtua, sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Wata safiya da sanyi, lokacin da kadoji ke fitowa shan hantsi, na ɗauki madubin hangen nesa na zauna gindin ɗorawa na fara duba gaɓa. Ban yi nisa ba sai na ga duhu ya rufe madubin. Gwaggo ce ta tsaya ƙiƙam a gabana.

"Mi kake yi nan?" ta ce. "Aje abin nan. Na Turawa ka ƙidaya, sun bar ka. Waɗannan ba a ƙidaya su."

Kafin azahar magana ta kai ga Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne mai unguwa. Ya kira ni zaure ya ce karatuna na can, gida kuma na nan, kar in haɗa su. Ba a jayayya da Baffa a zaurensa. Na mayar da madubin cikin jaka.

Haka aka zauna har wani kamfanin hatsi ya sayi filayen da ke arewa da gari. Rumbunan zamani zai gina, da filin shanya masara da waken soya, da hanyar da manyan motoci za su riƙa juyawa. Tafkin ya faɗo a tsakiyar tsarin nasu, niyyarsu su janye ruwan su cike shi da ƙasa. Amma kafin a ba su izini dole a turo masu bincike su duba abin da ke rayuwa a wurin. Wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage mana. Kada dabba ce da doka ta kare. Idan aka tabbatar suna nan suna ƙwai suna ƙyanƙyasa, ko ba komai sai an sake shawara, a karkatar da hanyar ko a bar ruwan a inda yake.

Ban aika ba, da ƙafata na je. Na zaunar da Baffa da Gwaggo na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce wannan karon ɓoyewa ita ce haɗari, a nuna musu komai, sawu da ramuka da ɓawon ƙwai. Har labarin dattijuwar nan na ba su, wadda ba ta yarda a ce babu ga abin da ido kawai bai gani ba. Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Baffa ya shafa gemu ya ce, "To, mun ji." Na roƙe shi duk ranar da masu binciken za su zo a kira ni a waya, ya sake cewa to. Wannan to ɗin na san shi tun ina yaro, irin wanda babba ke ba ƙarami ne don ya tashi ya ba shi wuri.

Ba a kira ni ba. A bakin wani direba da ke jigilar 'yan kasuwa na ji cewa baƙi sun je garinmu jiya da mota mai buɗaɗɗen baya. Washegari da sassafe na kama hanya, ban ko shiga gida ba na wuce bakin tafki.

Wanda ya san gaɓar ruwan kada ya san kamanninta. Akwai santsin da cikinsa ke bari inda yake silalewa cikin ruwa, akwai jan layin wutsiya, akwai shatin farce. Ran nan babu ko ɗaya. An share gaɓar tas, zanen tsintsiya a jere kamar tsakar gida ranar salla. An tsince ɓawon ƙwai. Bakin ramukan da suke fakewa a ciki idan zafi ya tsananta an ja ƙaya an rufe, sai ka ce shingen lambu ne. Daga baya na ji sauran. Tun asuba Baffa ya tura samari da gwangwani da sanduna suka yi ta dukan ruwa da ihu har duk wani mai rai ya nutse ƙasa. Mata kuma suka biyo da tsintsiya, Gwaggo ce a gaba.

Masu binciken su kuma bayan azahar suka iso, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya hau dutse. Suka tsaya gindin ɗorawa, suka ɗan taka kaɗan, suka ɗauki hoton ruwa. Suka tambayi Baffa, ya ce ai kadoji sun ƙare tun zamanin kakanni. Suka tambayi mata, mata suka ce su tunda suke ba su taɓa gani ba. Aka dama musu fura da nono mai sanyi, suka sha suka yi godiya, kafin la'asar sun bar gari.

Na sami Baffa a zaure yana murmushi, irin na wanda ya ci kasuwa. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Ko wutsiya ba su gani ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tunda nake, sai ran nan. Na ce, "Baffa, kun kashe su. Da hannunku kuka kashe su."

Ya ce ni yaro ne, ban san gwamnati ba. Ya ce da an nuna, da yanzu an kewaye tafkin da waya an ce gandu ne, an hana shanu sha, an hana mata wanki, an kawo mai gadi da bindiga ana tsare mutane a kan ruwan kakanninsu. Ya ce shi ya ga an yi haka da dazuka, ba a littafi ya karanta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba a wannan. Amma na ce masa tafkin da aka kewaye yana nan, wanda aka cike kuwa ya tafi ke nan. Ya ɗauki carbinsa ya juya mini gefe.

Na nemi shugaban masu binciken har ofishinsu a Malumfashi. Matashi ne mai ladabi, ya ba ni kujera yana ce mini Malam, kuma irin karatuna ya yi, wanda hakan ya ƙara mini takaici. Na tambaye shi wa ya taɓa neman kada da tsakar rana a bazara. Ya san da sanyin safiya ake ganinsu a gaɓa, ya san da tocila ake neman ƙyallin idonsu bayan magariba. Ya ce Malam, ka san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba wanda zai yarda duhu ya same shi a ƙauye da motar ofis. Na ce na yarda, ni ma ba zan tura ɗan wani ba. Amma in haka ne sai ya rubuta cewa sun je a lokacin da bai dace ba, ba su gani ba. Me ya sa ya rubuta babu? Ya ce ba shi ya faɗa ba, mai unguwa da jama'ar gari ne suka tabbatar, shi kuma wane ne da zai ƙaryata masu wuri.

Na koma ƙauye na ɗauki hotunan kadojin da waya, ban nemi izinin kowa ba wannan karon. Na kai masa. Ya duba ya yaba, sannan ya ce kada a bakin ruwa ai ko'ina ana iya ɗaukarsa. Ya ce hanya ɗaya ce, mai unguwa ya zo da kansa a gaban hakimi ya janye maganarsa, su kuma su sake komawa. Na yi ta safa da marwa tsakanin Funtua da Malumfashi da ƙauye har masu babur suka haddace ni.

Baffa ya ce shi ba zai tsaya gaban hakimi da furfurarsa ya ce ya yi wa baƙin gwamnati ƙarya ba. Na kawo masa limamin gari, ya yi kunnen uwar shegu. Na kawo masa abokinsa na ƙuruciya, suka ƙare da hirar farashin taki. A nan na gane cewa girman mutum ɗaya ya fi masa nauyi a kan duk abin da ke cikin ruwan, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Gwaggo ba ta sa baki ba sai ranar da ta je ban ruwa ta tarar an kafa turaku masu jan fenti, layinsu ya ratsa ta tsakiyar albasarta ya shige cikin tafki. Ta ajiye gwangwanin ban ruwan ta nufi zaure ba ko mayafi. Ina wurin. Ta ce wa ƙanenta ya tashi ya je ya faɗi gaskiya. Ya dube ta ya ce, "Yaya, ai da bakinki kika ce masu babu. Ke kika riƙe tsintsiya." Ta juya ta fita. Daga baya ya ɗan sauko, ya ce a bari bayan girbi zai san yadda zai ɓullo wa hakimi da maganar. Injinan kamfanin ba su jira girbi ba.

Suka haƙa magudana zuwa rafi, suka kafa injinan jan ruwa. Ruwa ya fara ja da baya yana barin taɓo mai wari, kifi na tsalle yara na kwasa. Sai kadoji suka fara fitowa, da rana tsaka, a gaban kowa, waɗanda aka rantse babu su. Leburorin ba 'yan garinmu ba ne, ba ruwansu da kan gidan wani, kuma tsoro ya kama su. Da shebur da diga suka far musu. Waɗanda suka tsere suka shiga gonakin ƙauyen gaba, can ma aka tare su da sanduna. Masu sayen fata da nama suka sauka kamar an yi musu shela. Na ruga ofishin kula da daji, wani ya duba takarda ya ce mini a rubuce dai wurin ba shi da kada, in kawo koke a rubuce za a duba. Na fito ban ce masa sai an jima ba.

Da na dawo da yamma mai sayen fata ya jera su a busasshiyar gaɓa, manya a gefe, ƙanana a gefe, ciki sama. Na tsaya na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa samun ƙirga mai sauƙi haka ba, ba wanda ya motsa, ba wanda ya nutse. Ba zan rubuta adadin a nan ba. Ba don ina tsoron baki ba, bakin ya riga ya kama. Ina jin haushi ne kawai a ce sai da suka mutu aka bar ni na san su.

Baffa bai fito ba. Bayan wannan rana na daɗe ina gaishe shi daga bakin zaure kawai in wuce, shi ma bai taɓa cewa in shigo ba.

Gwaggo ce ta zo. Ta taka a hankali ta bi layin gawarwakin tana duba fuskokinsu, mai fatar yana yi mata kallon mai son saye. Da ta kai ƙarshe ta dawo ta tsaya kusa da ni. Matar da ta tare mini madubi da jikinta, ita ce ta buɗe baki.

"Ɗan nan, ka ƙidaya?"

Na ce na ƙidaya.

"Nawa ne?"

Na faɗa mata. Ta riƙa motsa leɓe. Can gaɓar yamma katafila ta fara turo jar ƙasa kan ramukan nan, ƙayar da aka ja aka rufe bakinsu tana nan yadda aka sa ta.

"Har da na cikin ramu?" ta ce.

Na ce a'a, Gwaggo, waɗannan ban gan su ba.

"To kar ka ce babu su."

Ashe ranar da take ɓarar gyaɗa ta ji duk abin da na faɗa. Na so in tambaye ta me ya sa ta ɗauki tsintsiyar. Na dube ta na ga ba ni take kallo ba. Muka tsaya tare har katafilar ta gama baje gaɓar ta juyo wajen albasa.